Tulun Danƙin Inna

Inna ta rasu da hantsin wata Talata, bayan an gama ɗaure damman gero. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu. Ina wurin aiki a Tawa ƙanena ya kira ni. Kafin motar da na samu ta wuce Affala ta shiga yashin ƙauyenmu, an yi mata wanka, an suturce ta, maza har sun dawo daga maƙabarta suna zaune a ƙofar gida. Ban yi mamaki ba. Inna ba ta taɓa barin aiki ya jira wanda bai iso ba. Likkafanin ma ita ta saya da kanta tun shekarun baya, da ta ji an ce yadi zai yi tsada.

Abin da na fi lura da shi a zaman makoki shi ne hanyar da mata suke bi in sun shigo. Ni ce 'yarta ta fari, kuma mu biyu ne kawai muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da ƙanena. Ina zaune kan tabarma daidai ƙofar ɗakinta, inda duk mai shigowa zai fara ganina. Sai su wuce ni. Su nufi gindin rumbu inda matar ƙanena take zaune, su durƙusa, su kama hannunta biyu.

"Sannu, ɗiyar Inna. An bar ki. Allah shi ba ki haƙuri."

In sun gama kukansu da ita, sai su juyo wurina, su gyara mayafi.

"Madam, an zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Tawa?" Can sai wata ta tuna ta ƙara da cewa, "Ya haƙuri?"

A gidan rediyo nake aiki, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, maganar da aka fara faɗa ita ce labarin. Labarin ƙauyenmu a ranar shi ne matar ƙanena ta yi rashin uwa, ni kuma na sha hanya.

Ranar sadakar uku na sa aka dafa shinkafar da na zo da ita. Wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta leƙa tukunya ta ga mai yana yawo a kai, ta dafe ƙirji.

"Ku ruhe, ku ruhe! Walle in marigayiya ta ga wanga mai, tashi za ta yi ta kwashe rabi ta aje na gobe."

Mata suka fashe da dariya. Matar ƙanena ta yi dariya har ta koma kuka, aka rirriƙe ta. Daga nan kowa ta fara kawo nata labarin, yadda Inna ta yi kaza, yadda ta ce kaza. Na saurara da kyau. Babu labari ɗaya da nake ciki. Matar ƙanena kuwa tana cikin kusan duka, ko ita aka aika, ko ita aka yi wa faɗa, ko ita ta riƙe ƙwaryar.

Ba na so a manta da Inna, shi ya sa nake rubuta wannan. Amma gara mai karatu ya sani tun yanzu cewa mai rubutun tana kishin matar ƙanenta, kuma ba ta warke ba.

A gidanmu, kamar sauran gidajen Adar, mace ba ta shiga rumbu. Baba ne yake hawa tsani ya jeho dami, bayan rasuwarsa ƙanena ya gaje shi. Daga lokacin da dami ya taɓa ƙasa, hukunci ya koma hannun Inna. A sussuke, a sheƙe, a kawo mata. Kowace safiya takan zauna bakin ɗakinta ta auna tiyar da gida zai ci, hura da tuwo. In ta gama awo, kafin a kai turmi, sai ta sa hannun dama ta danƙi gero cikin ƙwaryar, iya abin da hannu ɗaya zai riƙe, ta shiga ɗaki ta zuba cikin wani tulu da ke bayan gadonta. Wannan shi ne danƙi.

Tulun na ruwa ne a da. Ya tsage ta gefe, ya daina riƙe ruwa, da wata mata ce da ta jefar. Inna ta liƙe tsagar ta ce ai gero ba ya yoyo. Ta kuma zaɓe shi ne saboda ƙanƙantar bakinsa: zubawa da sauƙi, ɗiba sai an kwantar da shi an sha wahala.

Takan ce, "In an cire tun ba a daka ba, ciki bai sani."

Ba a taɓa tulun sai tsakiyar damina, lokacin da mai hawa rumbu ya fara jin ƙafarsa na taɓa ƙasa, gero kuma ya fitar da kai amma bai nuna ba. Abin da ke cikin tulun bai kai ya riƙe gida wata guda ba. Amma 'yan kwanakin nan da ke tsakanin ƙarshen rumbu da tumun farko, su ne kwanakin da ake jiƙa 'ya'yan anza na daji a gidaje ana ta sauya mata ruwa don ɗacinta ya fita, su ne kuma kwanakin da magidanta suke zuwa wurin ɗan kasuwa su sayar da geron da bai nuna ba a kan arha. Baba bai taɓa zuwa ba. Ƙanena ma haka. In maza sun yaba musu a bakin masallaci, ba su cewa komai, sun san inda abin yake.

Sauran halayenta duk daga nan suka fito. Ashana takan shekara a gidanmu, don kafin ta kwanta takan binne garwashi cikin toka, in kuwa ya mutu a ɗebo wuta a maƙwabta. Tokar ma ba a zubarwa, a tace ta a sa a miya maimakon kanwa. Ruwan wankin gero, ƙasari, na awaki ne. In ta sayi sabulu ba ta taɓa shi sai ya sha rana a kan danga ya bushe ƙarau, ta ce ɗanyen sabulu gudu yake yi a hannu. Lokacin cirar albasa takan tafi fadama wurin masu lambu ta kwaso ganyen da suka yar, ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ya zama gabun da za a yi miya da shi har wata shekara. Ba na jin ta taɓa sayen albasa. Ba ta kuma yin waɗannan abubuwa da ɓacin rai. Tana yi tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, kamar mai cin nasara a kan wani abokin gaba da ita kaɗai take gani.

Yawancin wannan ban gan shi yau da gobe ba. Na tsinto shi ne a hutu, guntu-guntu.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda iyayenta suka riƙe. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta goya ni a gaban mutane ba, in ji waɗanda suka sani. Ina fara wayo ƙanwar Baba da ke aure a Tawa ta ɗauke ni, ta sa ni lakol, makarantar boko. Ba wanda ya zalunce ni, haka ake yi, kuma gwaggon nan ta riƙe ni da kyau. In an ba da hutu a sa ni a mota in zo gida. Inna takan gan ni daga nesa, ta sunkuyar da kai, ta ce wa duk wanda ke kusa, "'Yar Tawa ta iso, a ba ta ruwa."

Da safe kuma, in ta gama awo, sai ta miƙa ƙwaryar yadda take.

"Yau ba a cire danƙi. Akwai baƙuwa."

Dokarta ce. Ba a rage wa baƙo abinci, ko malami ne, ko makiyayi mai wucewa, ko mai tallan gishiri da dare ya yi masa. Ina yarinya nakan ji daɗi. Hurar takan yi kauri, a yanka zabo, ƙanena ya riƙa yi mini godiya yana lashe hannu. Sai da na girma na yi aure na fara auna wa nawa gidan, na gane jerin da aka sa ni ciki: malami, makiyayi, mai gishiri, da ni.

Matar ƙanena daga wajen Tebaram aka kawo ta, yarinya siririya mai saurin dariya. Bisa al'ada ita ce ya kamata ta ji kunyar Inna, kada ta ci abinci gabanta, kada ta ɗaga murya. Ta yi hakan na ɗan lokaci. Amma ƙanena, kamar yawancin mazan Adar, da an gama kaka yake tafiya bida, wato ci-rani, Abijan, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Kafin ya tafi yakan sauko da damman da za su isa, ya bar mata biyu a gida ɗaya, rani bayan rani. Ban san ranar da kunyar ta faɗi ba. Na dai zo wata shekara na tarar da Inna tana buge mata hannu a bakin murhu.

"Ke! Wanga barkono na gida nawa ne? Biki kike?"

"Inna, miyar jiya hwa ko akuya ta ƙi ta."

"Akuyar gidanku. Maida rabi."

Ta mayar tana dariya, Inna ma tana danne tata. Na tsaya riƙe da jakata ina kallonsu. Ni Inna ba ta taɓa buge mini hannu ba.

A wannan zuwan na ce bari in yi wanke-wanke. Na ɗebi ruwa a randa yadda na saba a gaban famfo, na goga sabulu har ya yi kumfa. Ina ji Inna ta daina abin da take yi. Na san ruwan nan daga rijiya mai nisa aka ɗauko shi a kan jaki, na san kuma na ɗiba da yawa. Na jira ta yi magana. Gaskiya ma da gangan na ƙara moɗa ɗaya. Ta dubi ruwan yana bin ƙasa, ta dubi matar ƙanena.

"Ɗiyata, karɓar mata. Ta gaji da hanya."

Da ta ce ɗiyata na ɗaga kai. Ba ni take kira ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma a kan gaz ne. Hayaƙin kara da kashin shanu ya fara cin idonta, kullum suna ruwa. Na sayi tukunyar gaz da kan murhunta na kai mata, na nuna wa matar ƙanena yadda ake kunnawa. Inna ta zagaya abin, ta taɓa shi da yatsa, ta ce a yi wa 'yar Tawa godiya. Da na dawo bayan wasu watanni babu gaz, amma akwai wata jar akuya a turke da 'ya'ya biyu. Ta ba wani malamin lakol da aka turo ƙauyen gaz ɗin, ya ba ta akuya mai ciki.

Ina zaune gabanta, amma matar ƙanena ta kalla.

"Gaya mata wutarta ta haihu. Tagwaye."

Matar ƙanena ta toshe baki. Ni ban yi dariya ba. Na ce idonta na saya wa, ban sayi akuya ba. Na ce duk abin da na kawo gidan nan sai an sayar ko an ɓoye, kamar kayana na da dauɗa. Muryata ta tashi har maƙwabta suka yi shiru. Inna ta fara cewa, "Gaya mata..." na katse ta.

"Inna, ga ni nan. Ki yi magana da ni."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"In ta ƙare, wa za shi kai ta Tawa a cika? Da mi za a cika? Kin kawo min abin da za ni riƙa ciyarwa. Ita wagga ita ke ciyar da mu."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini kai tsaye, kuma na riƙe ta kalma bayan kalma. Tana da gaskiya, nonon akuyar nan da shi aka dama wa jikokinta hura shekaru. Ni ma ina da gaskiya, don idon bai daina lalacewa ba, har sai da aka kawo ta Tawa aka yi mata aiki.

Zamanta a gidana bayan aikin shi ne lokaci mafi tsawo da muka yi ƙarƙashin rufi ɗaya tun ina ƙarama. Na yi shiri. Na gyara mata ɗaki, na sa mata fanka. Ta ce a kashe, iskar Allah ta isa. Ido ɗaya a rufe da auduga, amma ɗayan bai huta ba. Ya ga famfon da ke ɗiga. Ya ga shinkafar da 'ya'yana suka rage, wadda ta sa aka shanya mata a kan tire ta ƙulla a leda. Gwangwanayen tumatir da na zubar ta sa an tsince an wanke. Duk wannan ba ta ce mini uffan ba. Ta dai bi bayana tana tsincewa, shiru, yadda ake yi a gidan mutane.

Kowace safiya sai ta ce a kira mata gida. In na haɗa ta da matar ƙanena na miƙa mata wayar, kafin gaisuwa, kafin tambayar yara, abin da take fara cewa shi ne, "Kin cire?" Sai ta saurara, ta gyaɗa kai, fuskarta ta saki. Daga nan su shiga hira, wace kaza ta yi kwanci, wa ya dawo daga bida, har da gulma. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina jin uwata tana ƙyalƙyala dariya a wayata. Likita bai sallame ta ba ta fara ɗaure kaya.

Kada a ɗauka marowaciya ce. A zaman makokin nan, wata maƙwabciyarmu da mijinta ya tafi bida bai dawo ba, ba a kuma sake jin labarinsa ba, ta ba da wani labari da ban taɓa ji ba. Ta ce shekarar da abin ya yi mata tsanani, Inna ta fara aika mata gero wai ta taya ta surfe, don bayanta na ciwo. A kai mata ƙwarya cike, ta surfa, ta mayar. Ran nan Inna ta aiko a ce mata ai surfen nata bai fita ba, ta riƙe wannan ta ba yara, gobe a kawo wani. Haka aka yi ta yi har kaka, rana ɗaya surfe ya yi kyau, rana ɗaya bai yi ba.

"Matar da ke ƙirga ƙwayar barkono," in ji maƙwabciyar tana share hawaye, "ba ta taɓa auna abin da na maido ba. Kuma bayanta lahiya lau, ina ganinta tana faskare."

Aka tambaye ta wa yake kai geron. Ta nuna matar ƙanena da haɓa. Su biyu suka riƙe sirrin shekara da shekaru. Na ji daɗin labarin, na kuma ji kamar an ci wani abu mai daɗi a gidanmu an wanke kwanon kafin in iso.

Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na ɗauki hutu a wurin aiki na tafi jinya, da niyyar in daɗe. Na yi mata wanka, na ba ta abinci a baki, ta karɓa tana kallon gefe. Da safe a fito da ita bakin ɗaki, matar ƙanena ta auna tiya a gabanta. Hannun da ke danƙa ya daina rufuwa, yana kwance a cinyarta. Na zauna kusa, na yi tunanin yanzu kam dole a nemi wani hannu, ga nawa. Inna ta dubi ƙwaryar, bakinta a karkace ta ce, "Akwai baƙuwa." Aka wuce da gero turmi.

Kwanaki suka yi ta tafiya, kullum haka. Na ga abin yana cin ta. Takan bi ƙwaryar da ido har a juye ta, leɓenta na motsi. Wata safiya ta ce wa matar ƙanena, a gabana, "Tambaye ta, ba su nemanta wurin aiki?"

Ranar da zan koma, na yi sallama na fita, sai na tuna na bar waya a ɗaki. Na dawo na tarar an kawo awo. Matar ƙanena ta sa hannu ta danƙa, ta nuna wa Inna, Inna ta ce, "Ƙara kaɗan, mun yi asara." Ko ƙarar mota ba su jira ba. Na ɗauki wayata na fita, ba wadda ta gan ni.

Bayan sadakar arba'in liman ya zo rabon gado. Kayan ba su da yawa: awaki, ƙore, turmi, tabarmi, da zannuwan da na yi ta kawo mata duk salla, a ninke yadda na kawo su. Liman ya yi bayani, kaso biyu na ƙanena, ɗaya nawa. Matar ɗa ba ta da gado. Ta san haka, tana tsaye can bakin murhu da goyo. A wannan zaman kam ba wanda zai wuce ni ya je wurinta.

Na ce na yafe awaki da zannuwa. Tulun bayan gado nake so.

Ƙanena ya ɗago. "Yaya, fasasshen tulu? Mi za ki yi da shi Tawa?"

Na ce shi nake so. Ban kalle shi ba, ita nake kallo. Na zo da shirina. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta turo mijinta ya roƙe ni, ko ta ce Inna ta bar mata wasiyya. Na tanadi amsar kowanne. Ina so sau ɗaya ta nemi wani abu na Inna ta tarar a hannuna yake.

Da liman ya tafi ta shiga ɗakin, ta mirgino tulun, ta shimfiɗa tabarma, ta kwantar da shi. Gero ya fara zubowa a hankali ta ƙaramin bakin. Ta riƙa jijjiga shi har ya kusa ƙarewa.

"Yaya, ki ɗauka. Walle har ga Allah na ba ki."

Na ce ai ba kyauta ba ce, rabona ne.

"To rabonki ne." Ta zauna a kan dugaduganta. "Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa dafa tiya cikakka ba, sai in kin zo. Yarana in sun ji ƙarar mota gudu suke su gani ko ke ce, don su san yau za a ƙoshi. Ke in kin zo a yanka zabo. Ni na haihu gidan ga sau nawa, romon da anka ba ni sai da ta tsaya kaina tana kallon cokali. Sabulu sai ta taɓa ta ji ko na jiƙa. Ina sonta, Allah shi ne shaida, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Amma na gaji, Yaya. Na gaji da tulun ga. Gobe in Allah ya kai mu, abin da na auna shi za ni daka."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe bakin tulun, ta goge shi da gefen zanenta, ta tura mini.

Na ce, "In damina ta yi tsakiya fa?"

"Allah na nan. Ke ma kina nan."

Washegari na fito da wuri na zauna inda Inna take zama. Matar ƙanena ta auna tiya, ta tsaya da ƙwaryar a hannu na ɗan lokaci, sannan ta juye duka a turmi. Babu wanda ya ce akwai baƙuwa. Hurar ta yi kauri, yara suka sha har ƙaramin ya kwanta a tabarma yana shafa ciki, uwarsu tana yi musu tsiya wai kamar ba a taɓa ba su abinci ba. Ban ga laifinta ba. Da ni ce na yi shekarun nan ana taɓa mini sabulu, wataƙila da tuni na fasa tulun.

Amma ba ni ce ba. Na yi zaton in na ji ita ma ta yi kishina zan samu sauƙi. Ban samu ba. Zabin da aka yanka mini na ci na manta. Ita kuwa ta san ƙarar tafiyar Inna in tana fushi, ta san abin da ke sa ta dariya, ta zauna da ita har ta gaji da ita. Ni ban samu ko wannan gajiyar ba, kuma ita ma ina kishinta.

An ɗaure tulun da tsumma aka sa mini a mota, ba wanda ya hana ni. Ya iso Tawa bai ƙara tsagewa ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya yafe mata abin da ta rage mana da abin da ta ƙara. Ya ba ta cikakken awo a inda ba a cire komai. In kuma ya haɗa mu a can, ina roƙonsa ya sa ta kira ni da sunana.